Kaset Ɗin Gaisuwa Daga Riyad

Salmanu injiniyan lantarki ne a wani kamfani a Riyad, yana zaune a unguwar Al-Naseem da matarsa Sailuba. Ya iya aiki, hannunsa kuma a sake yake. Aibinsa ɗaya ne: yana son a ce masa jarumi, alhali jarumtar tasa duk a baki take.

A shekarar 1984 gida Najeriya ba daɗi. Shinkafa da madara sai an bi layi, sojoji na tsaye da bulala, wanda ya buɗe baki kuma a ɗauke shi ba kotu ba alƙali. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, 'yan gida sukan taru a falon Salmanu. Nan zai miƙe ƙafa cikin sanyin esi, ya yi ta yaƙar gwamnati har shayinsa ya huce.

Mai yaƙin gaske ƙanensa ne, Basiru, malamin makaranta a Kano. Shi ke tattara sunayen waɗanda aka tsare, ya buga a takarda, ya rarraba a kasuwa don kada a manta da su. Da aka fara nemansa, sai ya ɓuya a ƙauye gidan gwaggonsu Tabawa. Wani mai Umra ya kawo wa Salmanu labarin, ya roƙe shi ya bar shi a cikinsa. Ina! Cikin Salmanu ba ya ajiya.

A zamanin, mai son aika saƙo gida kaset yake cikawa da muryarsa ya ba matafiyi. Salmanu ya danna rakoda, ya gaida Inna a gurguje, sannan ya gyara murya. Ya wanke sojoji tas, ya yi wa Basiru kirari, har ya ce, "Ka zauna daram a gidan Gwaggo Tabawa, bayan marina, ba mai taɓa ka!"

Sailuba ta leƙo daga kicin. "Injiniya, don Allah goge wurin nan. An ce suna kunna kaset a filin jirgi."

"Mafi mushkila, ba matsala, su kunna mana! Ni ban san tsoro ba."

"Ai kai kana Riyad," in ji ta.

Bai goge ba. Ranar Juma'a ma sai da ya kunna wa jama'a, aka tafa masa, kansa ya ƙara girma. Sannan ya miƙa kaset ɗin ga Malam Mijinyawa, wani dattijo ma'aikacin jinya da zai tafi hutu.

"Me ke ciki, Injiniya?"

"Gaisuwa ce kawai ga Inna, Malam. Khalas, shi ke nan."

Hutu ya ƙare, Mijinyawa bai dawo ba. Daga baya aka ji cewa tun a filin jirgi aka riƙe shi, ya yi wata huɗu a tsare, iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta mutu, kafilinsa, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ɗauki wani. Hankalin Salmanu ya tashi, amma ya ci gaba da gaya wa kansa cewa ƙila ba su saurara har ƙarshe ba.

Wata rana da hantsi wani ɗalibi ya kawo masa kaset daga gida. Salmanu ya saka shi a rakoda. Muryar Inna ce, a sanyaye.

"Salmanu, ina gaishe ka. Ina gidan Tabawa suka zo, motoci biyu. A tsakar gida suka kunna mana muryarka. Wallahi sai da na ji daɗi, don na yi kewarta, kafin na gane abin da take faɗa. Basiru bai gudu ba, takalmansa kawai ya nema. Har yau ba mu san inda yake ba. Shi ke rubuta sunayen mutane, shi kuma ba mai rubuta nasa. In za ka sake aiko da kaset, ka tsaya a gaisuwa."

Kaset ya ci gaba da juyawa ba magana. Salmanu ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Daga ranar, in an taru a falonsa, shayi kawai yake zubawa.

Darasin a fili yake. Faɗar gaskiya a gaban zalunci abu ne mai daraja, kuma laifin kama Basiru yana wuyan waɗanda suka kama shi. Amma wanda ke zaune cikin aminci ba shi da ikon yin jarumta da ran wanda ke cikin haɗari. Asirin da aka ba ka amana ne, mai ɗaukar saƙonka kuma yana da haƙƙin sanin abin da ya ɗauka. Kafin ka yi magana don a tafa maka, ka tambayi kanka wa za a je a ɗauka saboda ita.