Kwalba Mai Cibiya

Ke Asabe, kai Ɗanlami, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kun ce kun yi karatu, to ga magana ku raba min.

A tsohuwar unguwarmu an yi wani dattijo, Baba Nomau, ba shi da aiki sai tara tsofaffin kwalaben turare da kuɗin da aka daina karɓa: anini, kwabo mai huji, sule, har liyari ta azurfa. Sarkin Tarkace ake ce masa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce wa 'ya'yansa uku, "A adakata akwai kwalba guda da ba ta da ta biyu. Wanda ya fito da ita da murfinta, tasa ce." Bai nuna ta ba ya cika.

Ana gama sadakar bakwai, wata gwaggonsu mai karambani ta share ɗakin, ta ba ɗan gwangwan adakar gaba ɗaya, ya ba ta bokitin roba. Lantana, babbarsu, tana ji ta bi baronsa ba takalmi har bakin kasuwa. Ya ce ciniki ya faɗa. Ta zare warwaron aurenta ta dire masa, ta dawo da adaka a ka.

Aka zube kwalabe a tabarma, kowa ya kai hannu kan masu ruwan zinariya. Gambo, na tsakiya, ya ce, "Ku bar waɗannan, aikin inji ne, dubunsu aka buga." Ya riƙa juya su yana shafa gindinsu, har ya zo kan wata koriya karkatacciya mai cibiya a ƙasa. "Wannan da baki aka hura ta." Ya sansana, ga almiski bai gama fita ba. Sai dai ba murfi. Duk murafan adakar an gwada, ta ƙi su.

Auta Shatu kuwa tana gefe da gwangwanin tsofaffin kuɗin da ke cikin adakar, tana buga su a dutsen niƙa don ta ji kukan azurfa, yadda uban yake yi. Ta ɗauko wani baƙin sule za ta buga, sai ta ji wutsiyar gilashi manne a bayansa.

Gwaggo ta ce, "Jabu ne, yar da shi."

Shatu ta ce, "Gwaggo, yarwar da kika yi mana ta isa haka."

Ta zura shi a bakin koriyar, ya zauna daram.

Kwalba ba goro ba ce balle a ɓara. Lantana ta ce ba don ita ba da tuni tana bola. Gambo ya ce adaka aka ceto, shi ya san kwalbar. Shatu ta ce, "Baba cewa ya yi da murfinta."

Kada wanda ya ce min a sayar a raba, wannan amsar malalata ce. Ku yanke in ji, don ni ma ina da tawa adakar, kuma makullinta ɗaya ne. Cikin ukun nan, wa ya fi cancanta a ba shi?