Zulai a Tsibiri da Yayyen Mijinta Uku

To, tun da an ci an wanke hannu, ku gyara zama. Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina ban samu bakin zarenta ba. Zan ajiye muku ita yadda ta zo mini, ku kuma ku san yadda za ku yi da ita.

A Yawuri akwai wani magidanci mai suna Nafi'u. Shi ne auta a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ne namiji. Mata uku ne a gabansa: Barira ce babba, sai Suwaiba, sai Ramlatu wadda yake bi. Aure da aiki sun warwatsa su, wannan tana Sakkwato, waccan tana Minna, sai salla ko rasuwa ke haɗa su. Da mahaifiyarsu ta ga zumunci na neman komawa gaisuwar waya, ta ce su nemi wuri su zauna tare ko na ɗan lokaci ne. Ita jiki ba ya bari ta yi tafiya mai nisa, amma ta sa musu albarka. Suka haɗa ƙarfi, suka kwashi iyalansu, suka hau jirgin sama zuwa wani tsibiri can gabashin Afirka, suka sauka a wani masaukin shaƙatawa da ke bakin teku.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Rairayi fari fat kamar garin alabo, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwa, ruwan kuwa garau har kana ganin ƙananan kifaye suna zagaya ƙafarka. Ɗakunan rufin ciyawa ne, amma ciki sanyi kamar randa. Barira ta dube su ta ce, "Ashe bukkar da muka raina a gida ita mutane ke tsallako duniya su kwana a ciki."

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne halin ruwan. Su mutanen bakin kogi ne, sun san kogin Kwara sai ya yi watanni kafin ya ja baya. Wannan kuwa da hantsi zai janye ya tafi can nesa, ya bar fili fetal, yara su bazu suna tsintar katantanwa, bayan azahar kuma ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Matar Nafi'u, Zulai, tana ɗauke da cikin fari, ya riga ya fito sosai. Ƙarnin kifin da ake soyawa a masaukin ya hana ta sakat, iskar teku kaɗai ke kwantar mata da tashin zuciya.

Ranar da abin zai faru, mazan yayyen da manyan yara suka shiga jirgin ruwa mai inji na masaukin, suka tafi kallon kifaye, mutumin da ke lura da masu wanka ma ya bi su. Nafi'u bai je ba, jirgin ruwa jiri yake sa shi. Da aka kawo abincin rana Zulai ta ce za ta je ta kwanta. Sai daga baya ya ji daga bakinta cewa ba ɗakin ta shiga ba. Ta tuɓe takalmi a bakin rairayi, ta bi filin da ruwa ya bari, ta yi ta tafiya har wani tudun yashi, ta zauna tana shan iska tana kallon gaba. Ba ta san ruwan ba ta gaba yake fara dawowa ba, ta kwarin da ke bayanta yake zagayowa. Ko da ta waiwaya, kogi guda ya shiga tsakaninta da masauki. Ta yi ƙoƙarin ƙetarewa, santsi ya kwashe ta, wani dutse mai kaifi ya tsarge mata cinya. Da kyar ta ja jiki ta haye kansa.

Nafi'u yana zaune yana shan ruwan kwakwa sai ga Barira tsaye a kansa, riƙe da takalma jiƙe sharkaf.

"Auta, ina matarka?"

"Tana ɗaki, Yaya."

"Na kai mata abinci, ba ta ɗaki. Waɗannan kuma a bakin ruwa na tsamo su."

Ya dubi takalman, ya dubi teku. Babu abin da ido ke iya gani sai ƙyallin rana. Ma'aikatan masaukin suka ce wataƙila ta shiga shagunan da ke bayan masaukin, baƙi sun saba yin haka. Nafi'u ya kama wannan magana da hannu biyu, domin ita ce mai sauƙin ɗauka, ya ruga yana leƙa shago bayan shago.

Barira ba ta yarda ba. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, har salla a kan kujera take yi. A bayan kicin akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe da aka ɗora wa tankin ruwa, tsaninta duk tsatsa. Da Nafi'u ya dawo hannu rabbana, ya ɗaga kai, sai ya ga yayarsa can ƙololuwa, ta rungume ƙarfe da hannu ɗaya, iska na kaɗa zanenta. Har yau bai san yadda aka yi ta kai can ba. Ta miƙa ɗaya hannun wajen teku, muryarta ta sauko: "Ga ta can a kan dutse. Ruwa ya kai mata ƙugu."

Nafi'u ya afka ruwa da kayansa, alhali bai iya iyo ba, a makarantar kwana ya tashi. Ruwa na kai masa ƙirji igiya ta buge shi, ya sha gishiri ya ƙoshi. Sai ya ji an damƙi wuyan rigarsa an jawo shi baya. Suwaiba ce. Ita ce tun tana ƙarama take sulalewa ta bi 'ya'yan Sarkawa masunta kogi, an yi dukan har an gaji, amma tun da ta yi aure ba ta ƙara shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Ma'aikata suna ta kiran jirgin nan ta waya, an ce musu yana nesa. Ta kwance goyon da ke bayanta, yaro ko yaye ba a yi masa ba, ta danƙa wa ƙaninta.

"Riƙe min shi. In Allah bai yi dawowata ba, Inna za ka kai wa."

Ta jawo wani ƙaramin kwalekwalen roba da baƙi ke wasa da shi, mai ɗaukar mutum ɗaya, ta ɗaure zanenta tamau, ta shiga.

Daga cikin ruwa ba ta ganin komai, igiya ta ɗaga ta, igiya ta sauke ta. Sai Barira, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu lulluɓi, ta yaye mayafinta a gaban duk jama'ar da ta taru, ta riƙa kaɗa shi. In kwalekwalen ya karkata hagu ta kaɗa dama, in ya wuce ta dawo da shi. Hasumiya na rawa, ƙarfe ya yi zafi yana ƙona mata tafin hannu, ba ta saki ba. Da mayafin nan Suwaiba ta yi ido har ta kai ga dutsen, lokacin ruwa ya kai wa Zulai wuya.

Nafi'u yana tsaye a gaɓa, yaro na tsala kuka a kafaɗarsa, shi ko jin kukan ba ya yi. Can ya hango kwalekwalen yana dawowa a hankali, mutum ɗaya kwance a ciki, babu mai tuƙi. Ya ce a ransa ya ba da yayarsa ya karɓi gawar matarsa. Sai da abin ya matso ya ga kan Suwaiba a bayansa, yana nutsewa yana fitowa. Ashe wurin bai ɗaukar su biyu, sai ta cicciɓi Zulai ta sa a ciki, ta ɗaure mata cinya da ɗankwali, ita kuma ta shiga ruwa tana turawa. Da aka jawo su kan rairayi ta kifa tana aman ruwa, ta kasa ko ɗaga kai ta dubi ɗanta.

Ana cikin haka aka ji ƙara daga bayan kicin. Barira ce. Ta ga sun iso, ta fara saukowa, ƙafafun da suka sandare suka ƙi ɗaukarta, ta faɗo. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Motar masauki ta kwashe su gaba ɗaya zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin tsibirin. Likita ya ɗinke cinyar, ya dubi idon Zulai da ya yi fari tas, ya ce jinin da ta zubar ya yi yawa, su kuma ba su da na ajiya irin nata, babban asibiti yana ƙetaren ruwa, ba za ta kai ba. Aka gwada Nafi'u, bai dace ba. Barira na gado ɗaya tana nishi, Suwaiba na wani numfashi na yi mata gardama. Saura Ramlatu, wadda tun da aka fara abin nan ba ta yi komai ba sai tattara ƙananan yara da addu'a. Aka gwada ta, ya dace.

Ramlatu mace ce siririya marar yawan magana. Ta shekara da shekaru a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, har dangi sun daina tambaya. Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita tana yi mata tambayoyin da aka saba, Nafi'u na tsaye a gefe. Da aka zo kan ko tana da ciki, ya ga ta dubi gadon Zulai, sannan ta ce a'a. Bai kawo komai a ransa ba. Aka ɗebi leda guda, ba ta isa ba. Ta sake miƙa hannu. Likita ya so ya hana, ta ce ita lafiyarta ƙalau, ya ɗiba. Kafin magariba Zulai ta buɗe ido, aka ɗora na'ura a cikinta, kowa a ɗakin ya ji bugun zuciyar abin da ke ciki.

Ba su bar tsibirin ba sai da Ramlatu ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗakinta. A nan magana ta fito. Ashe ƙaramin ciki gare ta, na farko a rayuwarta, ta ɓoye wa kowa har mijinta, tana jira ya zauna da kyau kafin ta buɗe baki. Cikin ya zube. Likita ya ce shi ba zai rantse cewa jinin da ta bayar ne sanadi ba, irin wannan ciki yakan fita da kansa, amma da ta faɗa masa gaskiya da ko allura bai kusanto da ita ba. Mijinta ya fita waje ya zauna a ƙarƙashin kwakwa, a can ya wuni. Nafi'u ya durƙusa a gaban gadonta, ya rasa ta inda zai fara.

"Yaya, me ya sa?"

Ta ce, "Nawa ban tabbata zai zauna ba. Nata kuwa har motsi yake yi."

Haka suka dawo gida, mutanen da suka tafi hutu. Barira da sanda take tafiya yanzu, kuma an ce ita da sandar sai mutuwa. Suwaiba ta warke sarai, ko tabo babu, sai dai duk wanda ya tsaya a gaɓar nan ya san ranta da maraicin ɗanta ta ajiye a kan faranti. Ramlatu ta koma ɗakinta babu ciki babu goyo.

Da lokaci ya yi Zulai ta sauka lafiya, ta haifi mace. Aka miƙa wa Nafi'u ya yi huɗuba. Ya yi mata kiran salla a kunne, da ya zo kan suna sai bakinsa ya yi nauyi. Ya san ɗaya daga cikin yayyensa zai yi wa takwara, dangi ma duk sun san haka, amma wace? Ya tambayi Zulai, ta ce, "Ni mayafi na hango ya hana ni sakin dutsen, hannu na ji ya ɗaga ni, na farka da jinin wata a jikina. Kada ka sa ni zaɓe." Ya je wurin mahaifiyarsa, ta ce, "Ni na haife su su ukun. Ba za ka ji daga bakina ba."

Gida ya rabu. Wasu suka ce ba don Barira ba, da ana can ana leƙen shaguna har ruwa ya rufe dutsen, kuma ita ce za ta ɗingisa har ƙarshen rayuwarta. Wasu suka ce gani ba ya tsamo mutum, wadda ta shiga bakin mutuwa da ƙafarta ita ce Suwaiba, rashin tabo kuwa ba ya rage girman abin da ta saka. Wasu suka ce da gawa biyu aka tsamo ba don Ramlatu ba, kuma babu wadda ta yi asara irin tata. Masu ja da su suka ce ai ba nata ne ita kaɗai ta bayar ba, akwai haƙƙin mijinta, ga shi kuma da ƙarya ta bayar.

Kada wani ya ce mini a jira haihuwa ta biyu da ta uku a raba musu. Babu wanda ya san gobe, kuma wannan yarinyar ita aka ceto. Rago yana ɗaure, an raba goro, liman zai zo da safe, suna ɗaya zai faɗa.

To, Barira, ko Suwaiba, ko Ramlatu: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a sa wa yarinyar nan sunanta?