Turame Huɗu na Gidan Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Turame huɗu ne a gidan Zaki, amma Jaki kaɗai ke daka, tun safe har magariba.

Kurege ya tausaya masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, turame uku suna zaune banza. A raba geron, ni da Akuya da Tunkiya mu kama masa."

Kafin hantsi suka gama. Jaki ya miƙe ƙafa zai huta.

Zaki ya ce, "Ashe abin ba wuya. Daga gobe kowa daminsa, har magariba."

Jaki ya dubi Kurege ya ce, "Sannu, mai dabara. Da ni kaɗai ke kuka, yanzu ka samo mini 'yan amshi."

Ƙurunƙus kan ɓeran gindin turmi.