Manomin Citta da Wayar da ke Aljihunsa

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda har furfura ta fito masa bai taɓa riƙe sitiyari ba. Da Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, sai ya sayi tsohuwar akori-kura, ya roƙi Baba Istifanus, wani tsohon direba a ikkilisiyarsu, ya koya masa tuƙi. Tsohon ya koya masa birki da giya, da duba madubi, da ɗaura bel kafin a ta da mota. Ran da zai sallame shi ya ce, "In mota tana tafiya, wayarka ba taka ba ce. Ka ba na kusa da kai, ko ka sauka gefen hanya ka tsaya."

Mutumin nan yana da 'ya guda, sunanta Afiniki, tana aure a wani gari. Ta daɗe tana neman haihuwa, duk cikin da ta samu a baya kuwa zubewa ya yi. Wata rana da safe surukinsa ya kira ya ce naƙuda ta tashi, an kai ta asibiti, kuma abin ya zo da wuya. Nan da nan mutumin ya ɗauki matarsa Biriskila suka kama hanya.

Biriskila ta miƙa hannu ta ce, "Baban Afiniki, kawo wayar."

Ya ce, "Yau dai bar ni da ita." Ya sa ta a aljihun gaban riga.

Suna cikin gangara, gab da wata kwana, wayar ta yi ƙara. Ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya zaro ta, ya sunkuyar da kai don ya ga mai kira. Sai matarsa ta damƙe hannun, ta ce, "Dubi hanya!"

Da ya ɗaga ido, ga ganye an zuba a kan kwalta, alamar mota ta lalace a gaba. Ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Motar ta yi ta ja tana kuka, ta sha kwanar, ta tsaya cak a bayan wata babbar motar itace. Direbanta yana kwance a ƙarƙashi yana gyara, ƙafafunsa a miƙe a kan titi. Tsakaninsu da tayar akori-kura bai kai kamu ɗaya ba.

Direban ya jawo jiki ya fito, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ya dubi tayar, ya dubi ƙafafunsa, ya ce, "Allah ya tsare, Baba."

Manomin ya lallaɓa ya gyara tsayuwa a gefen hanya, ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari. Wayar ta sake ƙara, Biriskila ta ɗauka. Ta saurara, sai hawaye. Ta ce, "Ta sauka lafiya. Mace ce. Ga kukanta ina ji."

A nan bakin hanya suka durƙusa su biyu suka yi godiya, saboda sabon ran da aka ba su, da kuma ran direban nan da ba su ɗauka ba.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Hanyar ita ce aikin da Allah ya sa a gabanka a wannan sa'a. Wayar kuwa ita ce duk abin da ke cewa, "Dube ni yanzu." Ku lura, ba mugun abu ne ya ɗauke idon mutumin nan ba. Ƙaunar 'yarsa ce. Abu mai kyau ma yakan zama tarko in ya zo ba a lokacinsa ba. Labarin da ke cikin wayar bai lalace don ya jira ba, amma da ƙafar direban nan ta shiga ƙarƙashin taya, ba wani albishir da zai gyara ta.

Matar ita ce waɗanda Ubangiji yakan zaunar kusa da mu su riƙe mana hannu. Kada ku ji haushinsu. Ku gode musu.

Da yawanku kun fara koyon mota ko babur, iyayenku suna murna, ni ma ina murna. To, kafin ku tashi ku yi addu'a, ku ɗaura bel ko ku sa hular kwano, ku ajiye waya inda hannu ba zai kai ba. In zuciyarku ta cika, da damuwa ko da farin ciki, ku tsaya tukuna. Kowane mutum da za ku wuce a hanya akwai masu jiransa.

Da yammar ranar nan, a wani gida da ba mu san sunansa ba, wata mata ta zuba wa mijinta tuwo. Ya wanke man da ke hannunsa, ya zauna ya ci, 'ya'yansa suna hawa kan ƙafafunsa. Ba su san abin da ya kusa faruwa ba. Mu da muka sani, bari mu gode wa Ubangiji a madadinsu. Amin.