Karsana da Tuƙar Kakarta

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Wata karsana ce mai rawar kai, kullum sai ta tarar da kakarta kwance a gindin gawo, ido a lumshe, baki na motsi, alhali babu ko tsinken ciyawa a gabanta.

Ta ce, "Kaka, iska kike taunawa?"

Tsohuwa ta ce, "Tuƙa nake yi, 'yar nan. Ciyawar fadamar da na yi ƙuruciya ce take dawo mini. Ku haɗiya kuka sani, daɗin sai daga baya."

Karsana ta tuntsire da dariya, ta ruga kiwo.

Da rani ya tsananta, tsohuwa ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Karsana ta zo ta kwanta a gurbinta, ga yunwa ga kewa. Can sai ta ji wani abu ya taso mata baki. Ta tauna a hankali, sai ga ɗanɗanon ruwan fari, ga ɗumin harshen kaka a wuyanta.

Wani ɗan maraƙi ya matso ya ce, "Yaya, iska kike taunawa?"

Sai ta lumshe ido, ta matsa masa wuri a inuwa.

Ƙurunƙus kan ƙusu! Wanda bai gane ba, ya jira furfura.