Kunyar Suruki

A Kwaya an yi wani manomi mai suna Gajere. Mutumin kirki ne, sai dai kunya ta yi masa yawa. Ko ƙafa surukinsa Malam Manzo ya taka masa, shi zai ba da haƙuri.

Da damina tari ya kama 'yarsa Hidaya. Ran kasuwar Dungas, Malam Manzo ya sayi siro, wato maganin tari na ruwa, kwalba biyu. Ya aiko wa Hidaya da ɗaya, ya tafi da ɗayar Dogo-Dogo don wani jikan nasa, Najib, da shi ma ke tari.

Hidaya na shan siron sai amai, fitsari ya ɗauke. Uwarta Fanna ta ɓoye kwalbar, suka hau kabu-kabu sai gidan likita. A hanya ta ce wa Gajere, "Malam, maganin nan ne. Ka faɗa musu."

"In ce kyautar Baba ta cuce ta? Da wane bakin?"

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba yarinya ya ce, "Ta sha wani magani? Ko zato kuke yi ku faɗa. Mu za mu sanar da hukumar magunguna ta bincika."

Gajere ya tuna da surukinsa. In ya faɗa, za a tambayi wanda ya sayo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu." Fanna ta dube shi, ta haɗiye maganarta.

Allah ya yi Hidaya ta tashi. Ba a rufa mako ba aka aiko daga Dogo-Dogo cewa Najib ya rasu. Da suka je gaisuwa, Gajere ya hango kwalbar a gindin randa, an shanye ta tas. Fanna ta fashe da kuka, ta faɗa wa mahaifinta komai.

Malam Manzo ya juyo wurin Gajere. Ya ce, "Ashe ka sani?"

"Zato na yi, Baba. Kunyarka na ji."

"Kunyata ta fi ran jikana?"

Washegari Gajere ya kai wa majo kwalaben biyu. Hukuma ta bincika, ta kwashe sauran daga kasuwa, 'ya'yan wasu suka tsira. Najib dai ya riga ya tafi.

Kunya ado ce, amma ba a gaban likita ba. In ka sha magani ka ga abin da ba ka gane ba, faɗa tun yana zato. Kwalbar da ke ɗakinka tana da 'yan'uwa a ɗakunan wasu.