Injin Ruwan da Aka Raba Gida Uku

To, tunda an idar da la'asar kuma shayin bai nuna ba, ku gyara zama in ba ku wata magana da za ku yi ta ja har magariba. Kai Ɗanliti, kife wayar nan, da kai nake. Wanda ya san zai katse ni ya tashi tun yanzu, domin a ƙarshe tambaya zan yi, kuma ba na son amsar wanda ya ji rabi.

Akwai wani mutum, Mudassiru, ana ce masa Mudi. Ya daɗe yana aiki a masaƙa a birni. Da aka rufe masaƙar, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo ƙauye wurin mahaifiyarsa, Inna Tabawa. 'Ya'yanta maza biyu ne. Ƙaramin, Sabi'u, ya tafi haƙar zinare, rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo mata ba. Saura Mudi. Shi kuma da zaman banza ya ishe shi, sai ya fara zancen can zai nufa, tunda duk ranar kasuwa akwai babbar motar da ke kwasar maza zuwa wurin haƙar. Tsohuwa ba ta da bakin hana shi, tana ganin yadda jikokinta ke kwana da kunu. Amma duk sanda ta ji ƙugin motar nan sai ta aika jika ya dubo mata ko Mudi na gida.

A kusa da su akwai fadama inda ake noman albasa da rani. Ƙungiyar manoman ta sayi injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, tana neman mai gyara na dindindin, ɗan gida. Sai dai waɗanda suka sayar musu da injinan sun gindaya sharaɗi: duk wanda zai taɓa su sai mai takardar shaidar koyon aikin, in ba haka ba babu ruwansu da duk abin da ya lalace. Manoma suka ce in rani ya kama ba a samu ɗan gida ba, wani kamfani na birni za su ba aikin gaba ɗaya. Mudi ya ji, ya ce wa uwarsa zai gwada wannan, in bai yiwu ba to ta yi haƙuri.

Kwalejojin koyon sana'a uku ne a yankin: ta Tudun Ƙira, ita ce babba kuma tsohuwa, ta Dutsen Gamji, sai ƙaramar ta Kwarin Baure da ke bakin fadama. Yanzu ku ji inda abin haushin yake. Can baya an aiko da kayan koyar da wannan aiki, cikakken saiti guda, cikin manyan akwatunan katako. Garuruwan uku suka tashi da rigima, kowa na cewa a kai nasa. Sai aka kafa kwamitin dattawa, su kuma don kada a ce sun yi son kai, suka raba akwatunan uku kamar naman watanda, ko buɗewa ba su yi ba. Tudun Ƙira ta tashi da farantan sola. Kwarin Baure ta samu famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Dutsen Gamji ta samu akwatin da ke daidaita wuta tsakanin farantan da famfon. Kowane gari ya yi kiɗa, aka ɗauki hoto, aka kulle sito. Malaman da suka buɗe daga baya suka ga kaya bai cika ba, aka ce musu sauran na nan tafe. Haka suka zauna suna jira, bayin Allah.

Mudi ya fara da Tudun Ƙira. Aka koya masa faranti, famfo kuwa aka zana masa shi a allo da alli. Ya ce bari ya je inda famfon yake. A Kwarin Baure aka ce sai ya faro daga farko, don ba su san karatun wata kwaleji ba; ga famfo a ƙasa, amma babu wutar tayar da shi. Ya lallaɓa Dutsen Gamji, nan ma aka ce daga farko. Haba! Mutum da furfura ta fara fito masa, ana ta mayar da shi ajin farko kamar ɗan firamare. Damina ta ja baya, aka fara girbi. Ya koma gida ya ce wa Inna Tabawa da an gama sussuka zai bi mota.

Ta farko a cikin mutanen da nake so ku auna ita ce Malama Rakiya, mai koyar da aikin lantarki a Dutsen Gamji. Ranar da Mudi ya zo yi mata sallama, cikin ƙorafi ya ce ya gaji da kwalejojin da kowacce ke zana abin da ɗaya ta kulle a sito. Shi ya faɗa ne don huce haushi, ita kuwa maganar ta tsaya mata a rai. Ranar Asabar ta cire igiyar wuta ɗaya daga jikin akwatin wutar da ke kwalejinsu, ta hau motar haya zuwa Kwarin Baure, ta roƙi a buɗe mata sito. Ta soka igiyar a jikin famfon, ta shige daram. Ta wuce Tudun Ƙira ta duba farantan, ta ga duk uwa ɗaya ta haife su. Babu wani sauran kaya da ke tafe. Gane abin bai yi mata wuya kamar faɗarsa ba, domin shugaban dattawan da suka yi rabon surukinta ne, uban mijinta, mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa. Da aka yi taron kwalejojin, ga shi zaune a gaba, ta miƙe, kanta a sunkuye, ta ce, "Baba, a gafarce ni, amma abin nan da aka raba abu ɗaya ne. Muddin yana gida uku, babu wanda zai koyi komai." Mijinta ya daɗe ba ya cin tuwonta, dangin miji suka sa mata suna marar kunya. Ta shanye, ba ta janye maganarta ba.

Na biyu shi ne Alhaji Ɗahiru, shugaban kwalejin Tudun Ƙira. Ba zan ɓoye muku ba, mutum ne mai ji da kansa, ga faɗa. Kwalejinsa kaɗai ke da ikon ba da takardar shaidar da masu injinan suka yarda da ita, saboda haka kowa ya ɗauka zai ce a kwaso komai a kawo masa. Mutanen garinsa har sun fara share fili. Da ya ce haka, wallahi babu mai musa masa. Amma Tudun Ƙira kan dutse take, rijiyar kwalejin ta ƙafe tun tuni, kuma ya san ba a koyon famfo a busasshiyar ƙasa. Ya yi kwanaki yana huci shi kaɗai a ofis, sannan ya sa aka loda farantan a mota aka nufi Kwarin Baure, kwalejin da ya saba kira makarantar bukka. Shi da kansa ya raka kayan, yana tafe yana masifa kada a fasa masa ko ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya tara shugabannin sauran kwalejojin biyu, ya sa Dutsen Gamji ma ta aika da akwatinta can, ya ce daga yau abin da ɗalibi ya koya a ɗaya ya koya a duka, ba mai sake komawa farko, malamai su riƙa zagayawa, shi kuma zai sa hannu a takardar kowa. Garinsu suka ce ya sayar da rabonsu. A wurin ɗaurin aure aka daina matsa masa a tabarmar gaba, wasu har gaisuwarsa suka daina amsawa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai aika a dawo da farantan ba.

Na uku Malam Tasi'u ne, mai koyar da aikin famfo a Kwarin Baure, shi ma yana da 'yar gonar albasa a fadamar. Lokacin da kaya suka haɗu, rani ya riga ya kawo kai, manoma sun aika wa kamfanin birni ya zo a ƙulla magana. Tasi'u ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a gona, a masallaci, a bakin kasuwa, yana roƙon su dakata, su kuma bar ɗalibai su riƙa gwada hannu a injinansu. Suka ce in aka ɓata fa? Ya ce a fara da nasa, nasa ai shi ya saya da kansa. Aka kuwa fara da nasa, ɗalibai suka haɗa waya a baibai suka ƙone shi ƙurmus, irin albasarsa ya bushe a kwamin gonarsa, noman shekarar ya tafi. Ya tara su a kan injin da ya ƙone ya ce kowa ya duba da kyau, don kada a maimaita a na wani. Manoma da suka ga haka suka ji kunya, suka ce za su jira. Sai dai Mudi fa? Shi bai san duk ana wannan ba, ya riga ya yanke ƙauna. Ranar kasuwa Tasi'u ya ji labarin Mudi zai bi mota, ya bar aji ya ruga tasha, ya tarar da shi a saman mota, direba na ɗumama inji. Bai yi masa wa'azi ba. Ya miƙa hannu ya fizgo jakarsa, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanya. Mudi ya diro yana cewa, "Malam, jakata! Malam, mota za ta tashi!" Tasi'u ko waiwaye bai yi ba, ya ce, "Ta tashi mana. Jakarka aji za ta, in kana so ka zo ka ɗauka." Haka ya bi shi har kwaleji yana tafasa, ya shiga ya ga faranti da akwati da famfo a haɗe, ruwa na zuba a kwatami. Ya karɓi jakarsa, ya nemi benci ya zauna.

Daga nan karatu ya miƙe. Malama Rakiya tana zuwa ranakunta, malamin faranti daga Tudun Ƙira yana zuwa nasa, Tasi'u na tare da su kullum. Da suka gama, Alhaji Ɗahiru ya zo ya yi musu jarrabawa mai tsanani, kamar yana neman wanda zai kayar, sannan ya sa hannu.

Gwajin gaske ya zo da bazara, lokacin da albasa ta fara yin kai, ga rana kamar wuta. Babban injin ƙungiya ya tsaya cak. Ku da kuka yi noman rani kun san abin da ƙishirwa ke yi wa albasa a wannan gaɓa. Manoma suka taru a bakin rijiya, wasu na cewa da ma kamfanin aka ba. Mudi da abokan karatunsa suka duba farantan, lafiya lau. Suka buɗe akwatin wuta suka ga wani abu ya ƙone a ciki, suka canza. Aka kunna, shiru. Sai suka zaro famfon daga rijiya, ashe yashi ne ya toshe shi, shi ya jawo ƙonewar. Suka wanke, suka mayar. Can bayan azahar bututu ya yi tari, ya tofar da laka, sai ga ruwa fari tas yana bin kwami. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana ta hamdala. A ranar ƙungiya ta ɗauki Mudi aiki, sauran ma ƙauyukan gaba suka rarrabe su. Ni kaina da na ji, sai da na sauke ajiyar zuciya. Ranar kasuwa ta zagayo, babbar mota ta yi ƙuginta ta wuce, Inna Tabawa na tsakar gida tana tsince wake, Mudi na gefe yana wanke hannu da toka.

To, ga inda nake son kai ku. Tsohuwar nan ciwon gwiwa ya daɗe da zaunar da ita, ko bikin maƙwabta ba ta zuwa. Wata safiya ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na adaka, ta rufe ƙwaryar man shanu da faifai, ta kira ɗanta.

Ta ce, "Mudi, tayar da babur. Ka kai ni gidan wanda ya hana ramin nan cinye mini ɗa na biyu, in durƙusa in gode masa da bakina."

Ya ce, "Inna, ai su uku ne, kuma kowa da garinsa."

Ta ce, "Ni dai ƙarfina na tafiya ɗaya ne, kai ma ka sani. In na dawo daga wannan, ba na jin zan sake hawa babur. Kai ka san su, ka zaɓa."

Ya ɗora ta a baya, ta rungume ƙwaryarta, suka fito a hankali har bakin titi inda hanya ta rabu. Nan Mudi ya taka burki, ya sa ƙafa a ƙasa. Da Malama Rakiya ta yi shiru don kunyar surukinta, da har yau ana zanen famfo a allo. Alhaji Ɗahiru kuwa, da ya riƙe farantansa da sa hannunsa, maganarta da ta tashi a banza, ta jawo wa kanta baƙin jini kawai. Kuma ko an haɗa kayan, ko an buga takardu, wa za a ba in aikin ya tafi birni, Mudi kuma ya tafi rami? Babur na ta kaɗawa, rana na ɗagawa, tsohuwa ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Ɗan nan, me muke jira?"

Kada wani ya ce mini ya tara su wuri ɗaya, ko a raba man shanun uku. Ɗanliti, na ga bakinka na motsi. Irin wannan dabarar ce ta raba inji gida uku tun farko. Tsohuwa ta ce gida ɗaya, kuma da ƙafarta. To, ku faɗa mini, tsakanin Malama Rakiya da Alhaji Ɗahiru da Malam Tasi'u, ƙofar wa ya kamata Mudi ya sauke uwarsa?